Kalmar "Chat": Daga Kukan Tsuntsaye Zuwa Wayar Hannu

A Magami, kamar a Gusau da Tsafe da Bungudu, da wuya a wuni ba a ji wani matashi ya ce "muna catin da shi" ba. Kalmar ta zauna daram a bakin masu wayoyin zamani, amma kaɗan ne suka san daga inda ta fito.

Chat kalmar Ingilishi ce da aka gutsuro daga wata tsohuwar kalma, chatter. Tun ƙarni na 13 Turawan Ingila ke amfani da chatter wajen kwaikwayon kukan tsuntsaye, irin hayaniyar da suke yi a kan bishiya da asuba. Daga nan aka fara jingina ta ga mutum mai yawan surutu. A ƙarni na 15 chat ta ɓulla da ma'anar surutun banza, daga baya ta koma nufin hira tsakanin abokai. Sunan Twitter ma daga kukan tsuntsaye aka samo shi.

Kwamfuta ce ta ba kalmar sabuwar ma'ana, wato hira a rubuce nan take. A 1988 wani ɗalibi a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro IRC, inda mutane ke haɗuwa a zauruka suna hira ta intanet. A Najeriya, matasa da yawa sun fara catin ne a 2go, kafin WhatsApp, wadda aka kafa a 2009, ta mamaye ko'ina. A Nuwamban 2022 kuma ChatGPT ta fito, inda ake catin da na'ura kanta.

Sai dai mutanen Zamfara sun san cewa catin ya daɗe da wuce surutun banza. A Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse layuka a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin jihar a yaƙin da take yi da 'yan bindiga. Ciniki ya tsaya cik, tura kuɗi ya gagara, wasu har Funtua ta jihar Katsina suka riƙa zuwa don kawai su ji lafiyar 'yan uwa.

A yau ta catin ake tambayar farashin masara, ake sanar da rasuwa, ake jin ko hanyar Gusau lafiya kafin a shiga mota. Saƙon murya ɗaya na ƙarya yana iya tayar da ƙauye guda cikin dare. Shi ya sa ya kamata mai waya ya tabbatar da labari kafin ya tura shi gaba, domin magana zarar bunu ce.