Guringuntsin Gwiwa: Yaushe Ake Bukatar Fiɗa?

'Yan'uwa manoma na Karfi da kewaye, kusan dukan aikinmu a kan gwiwa yake. Da ita muke huɗa, da ita muke tsugunawa wajen ɓarar masara, ita ce kuma ke ɗaukar nauyi sa'ad da muka saɓa buhu. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke cikinta.

Inda ƙashin cinya ya sadu da ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi iri biyu. Na fari ya lulluɓe bakin ƙasusuwan, yana da santsi domin kada su goge juna. Na biyu wasu 'yan faifai ne guda biyu, suna zaune a tsakani kamar gammo a kan mai ɗaukar kaya. Idan mutum ya murɗe jiki da kaya a kansa, ƙafa kuwa tana kafe cikin kunya, gammon nan yakan yage. Sai gwiwa ta kumbura, ta riƙa ƙara, wani lokaci ta sarƙe ta ƙi miƙewa.

Ƙashi yana samun jini sosai, shi ya sa karaya ke haɗuwa. Guringuntsi kuwa jini ba ya ratsa shi, sai gefen gammon nan kaɗai. Don haka ɗori ba ya gyara shi. Tsaga da sakiya kuma suna iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin gaɓa, ta yi ruwa ta lalace.

Hoton ƙashi na kullum ba ya nuna guringuntsi. Likita zai lanƙwasa gwiwar ya gwada, yana iya neman hoton da ake kira MRI. In fiɗa ta kama, ga yadda ake yi:

1. Akan huda ƙananan ramuka biyu ko uku, a zura siririyar kyamara da kayan aiki. Wani likitan Japan, Masaki Watanabe, shi ya fara yanke yagaggen guringuntsi ta wannan hanya a 1962.

2. In yagewar tana gefe inda jini yake, akan ɗinke. In tana can ciki, sai a datse ɓangaren da ya yage kawai, a bar sauran.

3. In guringuntsin ya cinye ƙaf har ƙashi na gugar ƙashi, akan sa gwiwar ƙarfe da roba.

Amma ba kowane ciwon gwiwa ke son wuƙa ba. Ga dattijon da gwiwarsa ta gaji saboda shekaru, likitoci sun gano motsa jiki na ƙarfafa cinya da rage ƙiba sukan yi amfani daidai da aikin kyamara. Gwiwar da ta yi zafi, ta kumbura, ga zazzaɓi, wannan kada ta kwana a gida.

Mu fara da babban asibitin Malumfashi ko na Funtua. Daga nan ake tura mutum Asibitin Koyarwa na Shika kusa da Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

To, ina aikin ƙungiya? Wanda aka datse masa yakan koma ƙaramin aiki cikin 'yan makonni. Wanda aka ɗinke zai yi kamar mako huɗu zuwa shida da sanduna, tsuguno kuwa sai bayan watanni, tare da zuwa gashin ƙashi. In likita ya ce aikin zai iya jira, a sa shi bayan kaka, sa'ad da amfani ya shiga rumbu. In ba zai jira ba, mu yi wa ɗan'uwa gayya, mu kuma keɓe wani abu a asusun ƙungiya domin kuɗin mota da na magani. Wanda ya koma gona da wuri don tsoron ciyawa zai iya ɓarke ɗinkin, ya rasa damina biyu maimakon ɗaya.