Finafinan Da Suka Ɓace Daga Kasuwa

Duk wanda ya yi wayo a Birnin Kebbi ko Argungu shekaru ashirin da suka wuce ya san rumfunan masu sayar da kaset da faifan fim, inda yara kan yi cincirindo suna kallon hotunan bango. Yau fa galibin rumfunan nan sun koma wurin tura wa mutane fim a waya, finafinan da suka cika su kuwa da yawa ba a sake buga su ba. Wanda ke neman ɗaya sai ya bi gida gida, ko Allah zai sa a dace da shi a ƙasan wata adaka.

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kan kaset aka riƙa sayar da fim ɗin Hausa. Daga baya aka koma faifan VCD, wanda aka ƙago a 1993. Shi wannan faifai ba ya ɗaukar fiye da minti 80, shi ya sa fim mai tsawo sai an raba shi a faifai biyu. Sa'an nan DVD ya fito a Japan a 1996, cikinsa ya ninka na VCD wajen sau shida, hotonsa kuma ya fi kyau nesa ba kusa ba. Akwai wani babban faifai mai faɗin faranti da ake kira LaserDisc, amma bai taɓa yaɗuwa a ƙasar nan ba, kuma kamfanin Pioneer ya daina ƙera injinsa a 2009. Injin kaset ma kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe, ya rufe aikinsa a 2016. Watau kowane inji da ya mutu yanzu, ba mai maye gurbinsa.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. Zafin bazara a kwarin Rima yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu ta kakkarce faifai, damina ta sa zaren kaset ya yi fumfuna. Faifan da aka tura wa fim da kwamfuta ya fi saurin mutuwa, don kuwa wani rini ne ke riƙe da hoton, zafi da hasken rana suna kashe shi.

To, yaya ake aikin ceton? Na VCD ba shi da wuya. Fim ɗin yana cikin faifan kamar takarda a jaka, sai a kwafe shi cikin kwamfuta yadda yake, a haɗa faifai na ɗaya da na biyu, a zuba a DVD guda. Kaset shi ne mai cin rai. Tilas a kunna shi daga farko har ƙarshe, kwamfuta na ɗauka, fim na awa biyu sai an zauna masa awa biyu cur, kuma in zaren ya yi fumfuna sai an tsabtace shi tukun, in ba haka ba ya ɓata kan injin. Amma kada mai karatu ya yarda a ruɗe shi: zuba VCD a DVD ba ya ƙara wa hoto kyau ko kaɗan. Saboda haka a nemi kwafin da ya fi kusa da na asali, in da hali wanda ke hannun mai fim ɗin. Shi kansa DVD zango ne kawai, sai a ajiye wani kwafi a ma'ajiyar kwamfuta a wani gida dabam.

Akwai abin koyi a labarin Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano zarensa cikin kayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Mu a nan abin da ya fi damunmu shi ne hotunan bikin kamun kifi na Argungu. An fara bikin a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Shekara da shekaru masu ɗaukar hoto sun ɗauki masunta na rugawa Matan Fada da homa da gora, da kabanci, da kokawa da dambe, da makaɗan da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage na waɗannan hotuna a warwatse yake a hannun jama'a.

A ganinmu Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka buɗe a 1958, shi ya fi cancanta ya tattara su. Ɗaki ɗaya ya isa, da injin kaset mai lafiya, da kwamfuta, da ma'aikaci mai haƙuri wanda zai rubuta sunan kowane fim da shekararsa da wanda ya kawo shi, a kwafa a mayar wa mutum kayansa. Ajiya ce fa muke nufi. Wanda ya buga fim ɗin wani ya kai kasuwa ba da izni ba, ya taka dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma irin wannan satar fasaha tana cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai a Kano.