Motar Da Aka Yasar A Waje: Tsatsa Ba Ta Jiran Mai Ita

A ƙauyukan ƙasar Amurka har yanzu ana ganin tsofaffin motoci a yashe, a bayan gida ko a gefen gona. Ciyawa ta rufe su. Wata ma itace ya tsiro ta cikinta. Alhali a zamaninsu su ne sarakunan hanya.

Me ya sa aka yasar da su?

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya fito da wata mota mai suna GTO. Jikinta matsakaici ne, amma injinta babba ne, mai silinda 8. Samari suka yi ta rububin saye. Kamfanonin Ford da Dodge su ma suka fito da nasu. Motocin akwai gudu, akwai kuma shan mai. To, a lokacin fetur yana da arha.

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka mai. Cikin 'yan watanni kuɗin ɗanyen mai ya ninka kusan sau 4. Jama'a suka koma sayen ƙananan motoci. Wasu suka ajiye manyan a waje, da niyyar wata rana za su gyara. Ranar ba ta zo ba.

Yadda mota take lalacewa

Ƙarfe yana tsatsa ne idan ruwa da iska suka haɗu a kansa. Fenti shi ne rigar ƙarfe. Idan rana ta fasa fenti, sai ruwa ya samu hanya. Ƙasan mota yakan riga ko'ina ruɓewa, domin laima tana tasowa daga ƙasa. Tayoyi su tsattsage. Ɓeraye su cinye wayoyi da kujeru. Injin da aka daɗe ba a tayar ba kuwa sai ya cije.

Haɗari ga mutanen gida

Ba a Amurka kaɗai ake yin haka ba. A ƙauyukan Arewa ma akwai tsofaffin akori-kura a yashe, da Peugeot 504, wato Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ko'ina motar take, haɗarin ɗaya ne.

Ruwan sama yana taruwa a cikin taya. A nan sauron da ke kawo cutar shawara yake yin ƙwai, kuma cikin kamar kwana 10 ya zama babba. Macizai da kunamu suna fakewa a ƙarƙashin kujeru. A cikin batir akwai dalma da ruwa mai ƙona fata. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ga shi kuwa yara suna son wasa a cikin tsohuwar mota.

Abin da ya kamata a yi

Wanda zai ajiye mota ya sa ta a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗora ta a kan duwatsu ko bulo. Ya cire batir, ya kai inda yara ba sa zuwa. Ya nome ciyawar da ke kewaye da ita.

Wanda ya san ba zai iya gyara ba, ya sayar tun da wuri. Bakanike zai sayi kayan da ke da amfani, 'yan gwangwan su sayi ƙarfen. Kowace damina darajarta raguwa take yi. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, amma ajiyar da ruwa ke duka asara ce.