Fis Ɗin da Ya Ƙone Ba Shi Ne Mai Laifi Ba

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, motar da aka ajiye a rana a Tudun Wada tun hantsi ba a iya riƙe sitiyarinta da azahar. Wayoyin da ke ƙarƙashin bonet sun fi sitiyari shan wuya, don ga rana ga zafin inji. Robar da ta lulluɓe su takan bushe, ta tsattsage, tagulla ta leƙo. Motocinmu kuwa yawanci na hannu ne, Golf da Corolla da Sharon da Peugeot 406, waɗanda suka ci shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso ta Kwatano ko Legas. Ƙara da ɓera mai gaigayar waya, da ruwan damina da ke shiga soket.

Wuta tana fita daga kan batir mai alamar +, ta bi waya zuwa fitila ko hon ko rediyo, ta gama aikinta ta koma ta ƙarfen jikin motar, domin ɗaya kan batir ɗin a jikin bodi aka ɗaure shi. Ashe ke nan duk ƙarfen mota hanyar komawa ce. Da zarar tagulla tsirara ta taɓa shi, wuta ta samu yanke, sai ta kwararo ba waigi. Kada bolt 12 na batir ya ruɗe ka: batir ɗin da ke iya juya inji yana tura ɗaruruwan amfiya, abin da zai sa siririyar waya ta yi jajir nan take.

Don haka ne aka sa fis, ya ƙone kafin waya ta ƙone. Kowanne da nauyinsa, an rubuta a bayansa, launi ma yana faɗa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Nan ne ɓarna ke shigowa. Fis ya ƙone, an sa sabo ya sake ƙonewa, sai yaron gareji ya ce, "Alhaji, bari in ɗaura maka waya ka samu ka isa gida." Wani ya naɗa takardar azurfa ta kwalin taba, wani ya cusa mai 30 a gurbin mai 10. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Fitila za ta kama, amma yanzu abin da zai ƙone shi ne damin wayoyin da ke bayan dashbod, kusa da roba da soso.

Ƙwararren mai wayarin da tambaya yake farawa. Me ya daina aiki? Yaushe fis ke ƙonewa, da an murɗa makulli ne, ko sai an taka birki, ko sai an faɗa rami? Me aka ƙara wa motar kwanan nan? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi kama ɓarawo, domin rediyo da sifika da tiraka da fitilun ado sau da yawa da gaggawa ake jona su, a fere waya da reza a murɗe. Ramin cajin wayar salula ma a leƙa, kwandala ko guntun ƙarfe kan faɗa ciki.

Sai dabarar ƙwan fitila. A zare fis ɗin da ya ƙone, a jona ƙwai mai bolt 12 a ramukansa biyu. Muddin waya tana taɓa bodi, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai tare wutar, ba abin da zai ƙone. Daga nan a riƙa cire soket na kayan da ke kan wannan layi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire haske ya mutu ko ya dushe, nan matsalar take. In an cire duka yana nan yana ci, laifin a jikin waya yake. Sai a bi ta ana girgizawa, musamman inda take lanƙwasa kullum: maƙogwaron robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, murfin but, ramin da wayoyi ke ratsawa daga inji zuwa cikin mota, da kusa da salansa.

In an gano wurin, a fara kwance kan batir mai alamar −. A yanke ɓangaren da ya ƙone, a sa waya mai kauri ɗaya da ta asali, a like da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Salatif baƙi ba ya jure zafin Sakkwato, ƙaronsa narkewa yake ya warware. A ɗaure wayar nesa da abin da ya goge ta, sannan a sa fis mai lambar da kamfani ya rubuta a murfin akwatin.

Batir da ke mutuwa cikin dare wani ciwo ne daban, galibi wani abu ne ke shan wuta a ɓoye, kamar fitilar but da ba ta mutuwa. Da mita ake auna shi. Motar da aka kashe ta huta, shanta bai kamata ya wuce kimanin miliamfiya 50 ba.

Wayoyi masu soket rawaya kuwa na jakar iska ne. Ba a tsikarar su da testa, domin 'yar wutar da ke bi ta cikinta tana iya fasa jakar a fuskar mai gyara.