Me ke sa sabar ta riƙa zubar da saƙo ranar jarabawa?

'Yan uwanmu na Legas da Owerri ba su manta da JAMB ta 2025 ba, da aka ce ɗalibai 379,997 su sake jarabawa a cibiyoyi 157. Waccan matsalar manhaja ce. Wadda na fi cin karo da ita a nan Jos, inda nake gyaran kwamfutocin cibiyoyin jarabawa, iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su.

Katin netwok na sabar yana da ɗan zaure inda saƙonni ke jira kafin a karɓe su. In kwamfuta 250 suka turo lokaci guda, zauren ya cika, sauran sai su zube. Ɗalibi ya danna amsa, allo ya tsaya cik, agogo kuwa na tafiya. Sau da yawa faɗaɗa zauren ya wadatar, ba sai an sayi komai ba.

To yaya za ka gane ba kayan ne suka lalace ba? Duba lokacin. In sai ɗaki ya cika kuskuren ke ƙaruwa, cunkoso ne. In ko da dare, ba cunkoso, saƙo na isowa a gurɓace, to waya ce ko kati. Ni kebul nake fara canzawa, shi ya fi arha, sannan ramin da aka jona shi, kati a ƙarshe. Kar ka canza biyu tare, ba za ka san mai laifin ba.

Tsawar daminar Jos takan illata kati, yana aiki amma yana ɓata saƙo. Ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka, sabar ta ɗau zafi duk da sanyin garin.