Masu Kwana A Waje Don Ɗaukar Hoton Taurari

Duk wanda ya tashi a karkara ya san Kaza da 'Ya'yanta. Ido yakan ƙirga taurari shida ko bakwai a wurin, amma hoto yana nuna ɗaruruwa, da wata ƙura mai shuɗi-shuɗi ta lulluɓe su. Akwai mutanen da ba aikinsu ba ne, sha'awa ce kawai ke sa su kwana a waje don ɗaukar irin wannan hoto.

Asirin abin shi ne ido ba ya tara haske, amma kyamara tana tarawa, kamar yadda randa ke tara ruwan indararo. Sai a buɗe ta a bar ta tana kallon wuri ɗaya. Haka wani magini ɗan Birtaniya, Isaac Roberts, ya yi a 1888 kusa da Liverpool. Da madubin hangen nesa mai faɗin inci 20, ya yi awa 4 yana ɗaukar gungun taurarin Andromeda, sai ga siffarsa ta fito a naɗe kamar gammo. Hasken da ya kama kuwa ya yi tafiyar shekara wajen miliyan biyu da rabi.

To, amma wahalar tana da yawa. Ta farko, duniya ba a tsaye take ba, tana juyawa digiri 15 kowace awa. Idan kyamara ta tsaya cik, taurari sai su fito kamar zare. Saboda haka dole a ɗora ta bisa wata na'ura mai juyawa a hankali tana bin sama, a kuma saita na'urar da tauraron arewa. Kuskure kaɗan ya isa ya ɓata aikin dare guda.

Ta biyu, sai an sami duhu. Farin wata yana dushe komai, watau kwanaki kaɗan ne a wata suke da amfani. Ga gajimare, ga raɓa da ke sauka a kan gilashi, a ƙasashenmu kuma ga hazon hunturu. Ita kanta kyamarar zamani idan ta yi zafi sai hoto ya cika da ɗige-ɗige. Shi ya sa ake ɗaukar hotuna da yawa na 'yan mintoci, a haɗa su a kwamfuta.

Haƙurin yakan biya. A 2023 aka ba da labarin wasu masu sha'awa su 3 daga Jamus da Faransa, Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty, waɗanda suka tara hasken awa fiye da 100 suka gano wani ƙaton gajimaren iska a gefen Andromeda ɗin nan. Manyan masana sun shekara fiye da 100 suna duban wurin ba su gan shi ba.

Abin damuwa shi ne duhun yana ƙarewa. Wani bincike na 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin layin taurarin nan da ke ratsa sama, saboda fitilun birane. Mai kyamara a Ikko ko Kano dole ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami abin da makiyayi ke gani kyauta a ruga.