Kayan aikin kanikawa: Na hannu ko masu inji, wanne ya fi ƙarko?

A duk inda ake gyaran mota, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa unguwar Suame da ke birnin Kumasi a Ghana, babban jarin bakanike shi ne akwatin kayan aikinsa.

A da, abin da ke cikin wannan akwati bai wuce sifana da filaya da guduma da sukundireba ba. Amma a yanzu na'urori masu aiki da iska ko lantarki ko batir suna ƙara samun gindin zama a garejoji, saboda aikin da zai ɗauki rabin sa'a da hannu, sukan kammala shi cikin 'yan mintoci.

Tambayar da ke gaban duk mai niyyar sayen kayan aiki ita ce, wanne ne zai daɗe har ya mayar da kuɗinsa?

Kayan biyu dai ba iri ɗaya suke tsufa ba. Ƙarkon kayan hannu ya dogara ne ga irin ƙarfen da aka ƙera su da shi, yayin da ƙarkon na'ura ya dogara ga injinta da batirinta da kuma wutar da ake ba ta.

Sirrin yana cikin ƙarfe

Sifana mai inganci ana yin ta ne da ƙarfen da aka gauraya da sinadaran kuromiyam da banadiyam. Akan gasa ƙarfen har ya yi ja, a buga shi da wata ƙatuwar guduma ta inji a cikin mazubi, daga bisani a sake gasa shi a kuma sanyaya shi bisa ƙa'ida.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ke raba mai kyau da marar kyau. Idan ƙarfen bai yi tauri sosai ba, bakin sifanar zai buɗe a hankali, ta riƙa zamewa tana cinye kusurwoyin noti. Idan kuma taurin ya yi yawa, sai ta karye farat ɗaya kamar tangaran, sau da yawa a daidai lokacin da mai aiki ya sa dukkan ƙarfinsa.

Ƙyallin da ake gani a jikin sifana shafe ne kawai na hana tsatsa, ba ya nuna ingancin abin da ke ciki. Haka nan rubutun da ke jikinta, domin masu yin jabu ma sun iya buga tambari.

Abu na biyu shi ne daidaiton awo. Sifana mai lamba 13 da aka yi da kyau takan kama noti mai milimita 13 cif-cif, ba tare da girgiɗi ba. Noti guda da ya cinye a wani lungu na inji yana iya mayar da aikin minti 10 ya zama na yini guda, ya kuma jawo wa bakanike rigima da mai mota.

Garantin da ba ya ƙarewa

Da yake kayan hannu ba su da sassan da ke ƙonewa, wasu kamfanoni sun daɗe suna sayar da su tare da alƙawarin canja duk wanda ya karye.

A Amurka, kamfanin Snap-on da aka kafa a 1920 ya yi suna ne da dabarar yin kawunan soket daban-daban waɗanda ake maƙalawa a jikin mariƙi ɗaya. Shi kuwa tambarin Craftsman, wanda kantunan Sears suka fito da shi a 1927, ya shahara ne da karɓar sifanar da ta karye a ba mutum sabuwa nan take.

A Jamus akwai Stahlwille da aka kafa a 1862, da Hazet a 1868, da Gedore a 1919, sai kuma Facom a Faransa a 1918.

To sai dai suna kaɗai ba ya isa hujja. A 2017 Sears ya sayar da tambarin Craftsman ga kamfanin Stanley Black & Decker a kan kuɗi kimanin dala miliyan 900, kuma tun kafin lokacin an riga an mayar da ƙera yawancin kayan zuwa nahiyar Asiya. Masana'antar da sabon kamfanin ya gina a jihar Texas domin maido da aikin gida, an sanar da rufe ta a 2023.

Haka kuma sunan ƙasar da aka yi kaya ba ya yanke hukunci. Yankin Taichung na Taiwan da biranen Jalandhar da Ludhiana na Indiya da masana'antun China suna fitar da kaya masu nagarta da kuma na araha, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya biya aka yi masa.

Ga bakanike a Kaduna ko Maraɗi, alƙawarin canji ba shi da wani tasiri idan babu wakilin kamfanin a kusa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsofaffin kayan Turai na gwanjo suke da daraja a kasuwa, tun da wanda ya yi shekara 20 yana aiki bai karye ba ya riga ya ba da shaidar kansa.

Na'urori masu inji

Kamfanin Fein na Jamus ne ya ƙera na'urar huda ƙarfe ta hannu mai aiki da lantarki a 1895. A 1934 Ingersoll Rand na Amurka ya fito da na'urar kwance noti mai aiki da iska, sannan a 1961 Black & Decker ya yi na'urar huda ƙarfe mai batir. Daga 2005 ne batirin litiyam ya fara mamaye wannan fanni.

Na'urori masu aiki da iska su ne suka fi sauran juriya, domin cikinsu ba shi da sarƙaƙiya kuma ba sa ƙonewa idan aiki ya yi nauyi. Buƙatarsu ita ce ɗigon mai a kullum da kuma zubar da ruwan da ke taruwa a tankin injin iska, wanda idan aka bar shi yakan shiga na'urar ya sa ta tsatsa. Matsalarsu ita ce sai an sayi injin iskar, shi kuma sai da wuta ko janareta.

Masu aiki da lantarki suna da wasu 'yan guntayen kabon a cikin injinsu waɗanda ke cinyewa da aiki. Canja su ba shi da tsada, amma idan aka yi sakaci sai naɗin wayar ya ƙone. Sababbin samfura marasa kabon sun fi daɗewa, sai dai suna da allon lantarki a ciki wanda idan ya lalace da wuya a iya gyara shi a bakin titi.

Masu batir kuwa, raunin nasu yana ga batirin. Ƙarfinsa yakan ragu bayan an yi cajinsa sau ɗaruruwa, kuma yakan tsufa ko da ajiye shi aka yi. Sau da yawa na'urar tana nan da ranta, amma sabon batir ya kusa kai rabin kuɗinta, kuma na wani kamfani ba ya shiga na wani.

Shi ya sa manyan kamfanoni ba sa ba da garantin da ya wuce shekara 1 zuwa 5 a kan yawancin irin waɗannan na'urori, na batir kuma ya kan gaza haka.

Zafi da ƙura da wuta

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara rage wa na'urori kwana. Zafi shi ne babban abokin gaban batirin litiyam, kuma masu ƙera shi suna gargaɗin kada a yi cajinsa idan zafi ya haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos. A bazara kuwa, garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan wuce wannan maki.

Ƙurar hunturu ma takan shiga ta kafofin shan iska ta toshe su, injin ya riƙa ɗaukar zafi.

Sai kuma batun wuta. A Najeriya da Nijar da Ghana ana amfani da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 230, a Amurka kuwa 120. Na'urar gwanjo da aka yi don kasuwar Amurka tana iya ƙonewa da zarar an jona ta ba tare da abin rage ƙarfin wuta ba. Hawa da saukar wutar ƙananan janareta ma yana kashe caja.

Tun 2005 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ɓullo da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, ciki har da na lantarki, amma wannan bai ɗauke wa mai saye nauyin buɗe idonsa ba.

Inda sauri ke zama haɗari

Batun bai tsaya ga asarar kuɗi ba, domin akwai rayuka a ciki.

Kowane noti a mota yana da iyakar ƙarfin da ya kamata a ɗaure shi da shi. Notin tayar ƙaramar mota kamar Toyota Corolla yana buƙatar kimanin 103 ne a ma'aunin Newton-mita, alhali kuwa wasu na'urorin kwance noti suna iya bugawa fiye da 1,000.

Idan aka ɗaure taya da irin wannan na'ura har ta ƙure, ƙusar tana iya miƙewa ta yi rauni, daga baya ta karye mota na cikin gudu. Ko da ba ta karye ba, direban da tayarsa ta yi faci a daji ba zai iya kwance ta da sifanar motarsa ba.

Ƙa'idar ita ce a kwance da na'ura, amma a ƙarasa ɗauri da sifana mai awo. Ita ma wannan sifana, ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6789 ta ba da shawarar a gwada daidaitonta duk wata 12, ko bayan amfani sau 5,000.

Haka kuma soket mai ƙyalli na hannu bai dace da na'ura ba, domin yana iya tarwatsewa ya raunata ido. Akwai baƙaƙe masu kauri da aka yi musamman don jure bugu. Faifan yankan ƙarfe ma yana da ranar ƙarewar aiki a jikinsa, yawanci shekara 3 daga ƙera shi.

Ko kayan da ba su da inji suna iya yin kisa idan aka yi ha'inci ko kuskure wajen ƙera su. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye kimanin ƙafafun tokare mota miliyan 1.7 daga kasuwa, bayan an gano cewa suna iya suɓucewa mota ta faɗo a kan wanda ke ƙarƙashinta.

Lissafin kuɗi

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma ba kowane kaya ne yake buƙatar mafi tsada ba.

Kayan da ake taɓawa kullum, kamar soket da sifana masu lamba 10 da 12 da 14 da 17 waɗanda motocin Japan suka fi amfani da su, da sifana mai awo, da jak da ƙafafun tokarewa, su ne suka cancanci a kashe musu kuɗi, domin mai kyau daga cikinsu yana iya kaiwa har maigida ya bar wa yaronsa gado.

Na'ura mai inji kuwa, gara a ɗauke ta a matsayin abin da ke da wa'adi. Kafin a saye ta, ya kamata a san ko ana samun kabon da batir da cajarta a kasuwar garin, a kuma lissafa ko aikin da take samowa zai biya kuɗinta kafin ta mutu.

Ga mai faci ko garejin da ke kwance tayoyin manyan motoci da dama a yini, na'urar tana iya mayar da kuɗinta da wuri. Ga wanda kuwa sai jefi-jefi yake buƙatarta, batirin na iya tsufa a cikin akwati tun bai yi aikin a-zo-a-gani ba.